Kwafin ajiya yana nan, ina mabuɗinsa?

Ƙannena masu haɗa wa mutane sola, da masu sha'awar gida mai sarrafa kansa, da ku nake. Yawancinku kun fara ne da soket ɗaya da ake kunnawa ta waya, daga nan aka ƙara fitilun tsakar gida, sai injin da ke tura ruwa tanki, sai inbata da ake son ganin cajin batirinta ko mutum yana kasuwa. Kafin ka ankara, wata 'yar na'ura irin Raspberry Pi ta zama ita ke riƙe da ragamar gidan. Ni manhajar Home Assistant, mai haɗa kayan lantarkin gida wuri ɗaya tana sarrafa su, nake amfani da ita, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, kuma a kanta zan yi bayani, domin a kanta na tafka asarar da ba na so ku maimaita.

Asarata ta farko ba za ta ɗau lokaci ba. Ina ɗaukar kwafin ajiya, wato kwafin saituna da bayanan manhajar da ake maido da komai da shi idan abu ya lalace, idan na tuna, amma ina barin sa a kan katin mimori ɗin da manhajar kanta ke zaune a kai. Home Assistant ba ta daina rubutu a kan katin nan dare da rana, domin duk motsin da aka yi a gidan sai ta shigar da shi kundinta. Irin wannan rubutu yana cinye kati, ga kuma ɗauke wutar da muka saba da ita, wadda kan zo ana tsakiyar rubutun. Ranar da katin ya mutu, da manhajar da kwafin suka tafi tare. Na sake gina komai daga tushe, na ce na koyi darasi, na fara sauke kwafin a kwamfuta lokaci zuwa lokaci.

Ta biyun ce ta fi min ciwo, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan.

A watan Janairun 2025 aka fitar da sabon zubin manhajar mai lamba 2025.1, wanda ya sake fasalin ajiya gaba ɗaya. Manhajar ta koyi ɗaukar kwafi da kanta bisa jadawali, ta riƙe adadin da ka ce mata, ta goge tsofaffi, ta kuma aika kwafin wani wuri daban da na'urar. Wannan alheri ne babba ga irinmu masu mantuwa. Amma ya zo da sharaɗi: duk kwafin da ta ɗauka a kulle yake da tsarin AES-128, kuma ba ya buɗuwa sai da wani dogon jerin haruffa da lambobi da manhajar ke ƙirƙira maka a ranar da ka saita ajiyar. A wannan ranar tana nuna maka mabuɗin, ta ce ka sauke wani ɗan fayil na gaggawa da ke ɗauke da shi. Ni ina sauri, na danna na wuce. A raina na ce ai yana nan cikin saituna, duk lokacin da nake so zan duba.

Gaskiya ne yana cikin saituna, amma sai na'urar tana raye. Da ta sake lalacewa na ɗauko sabon kati hankalina kwance, tunda kwafi yana hannuna. Na ɗora manhajar, na zaɓi maido da ajiya, sai ta nemi mabuɗi. A nan na gane abin da na yi: na kulle akwati na jefa makullin a ciki. Babu wanda zai iya taimakona. Kamfanin Nabu Casa da ke kula da sabis ɗin intanet na manhajar ba ya riƙe da mabuɗin kowa, da gangan aka tsara haka. Wanda ya iya kwamfuta ma ba shi da dabara, domin in da akwai dabarar buɗewa ba mabuɗi, da kullewar ba ta da amfani tun farko.

Ku san abin da ke tafiya idan kwafi ya gagara buɗuwa. Dokokin da ka ɓata dare kana gyarawa, kamar a kashe injin ruwa idan tanki ya cika, ko a sauke firji daga kan inbata idan batir ya yi ƙasa, duk sai ka sake rubuta su. Tarihin wutar da solarka ta samar ya tafi. Wanda ya fi wahala shi ne na'urorin Zigbee, wato ƙananan makunnai da na'urorin awo masu aiki ba da waya ba, a kan hanyar sadarwa tasu daban da Wi-Fi. Suna magana da juna ne da wani mabuɗin sirri na kansu, kuma idan shi da 'yar sandar USB da ke haɗa su da manhajar suka salwanta, kowace na'ura sai an sake haɗa ta ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna binne cikin bango bayan makunni, wasu suna saman silin, wata tana can kan tanki. Idan gidan wani ne, ka yi tunanin sallama da neman izinin shiga ɗaki-ɗaki da sukundireba a hannu, kana ba maigida haƙuri kan abin da ya riga ya biya ka.

Mutane da yawa sun yi ƙorafi a kan tilasta kullewar, kuma masu manhajar sun saurara. A zubin 2025.2 na watan Fabrairu aka ba da damar kashe kullewa wuri-wuri, aka ƙara Google Drive da OneDrive cikin wuraren da za a iya aika kwafi, aka kuma bari mutum ya zaɓi lokacin da yake so a ɗauka. Kwafin da ke zuwa ma'ajiyar Nabu Casa shi kaɗai aka bari dole a kulle. Na san abin da zuciya za ta raya wa wanda ya ji labarina: to a kashe kullewar mana a huta. Kada ku yi haka ga duk kwafin da zai bar gida. Ku duba abin da ke cikinsa. Akwai kalmar sirrin Wi-Fi, da ta kyamarori, da izinin shiga asusun da aka haɗa da manhajar. Idan wayoyin mutanen gida suna haɗe, akwai tarihin fitarsu da dawowarsu. Idan akwai makullin ƙofa ko get mai aiki da lantarki, hanyar buɗe shi tana ciki. Wannan sirrin iyali ne, na mata da yara, kuma wanda ya samu shiga Gmail ɗinka ya samu duka idan kwafin a buɗe yake. Abin da nake yi yanzu shi ne, kwafin da ke kan wata na'ura a cikin gida ina iya barin sa a buɗe, amma duk wanda zai hau intanet a kulle yake tafiya.

Mabuɗin kuwa, ku rubuta shi da biro a takarda, ku ajiye inda kuke ajiye takardun fili da na makaranta. Ku karanta shi sau biyu bayan kun rubuta, domin harafi ɗaya ya kuskure an gama. Ku kuma sa shi cikin manhajar adana kalmomin sirri irin Bitwarden. Hoton allo a waya bai isa ba, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Kada ku ajiye fayil ɗin gaggawar a Google Drive ɗaya da kwafin, don wanda ya shiga ya samu biyun. Wani abu da mutane ke mantawa: idan ka canza mabuɗi, tsofaffin kwafi suna nan a kan tsohon, saboda haka kada a yaga tsohuwar takarda sai tsofaffin kwafin sun ƙare.

Akwai ƙa'idar da masu harkar ajiya suka daɗe suna bi, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wajen gida. A wurinmu wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ko da yake saƙonni da hotuna ma daga ciki suke ci. Idan data ce damuwa, a cire kundin tarihi da bidiyon kyamara daga kwafin kullum, nauyinsa zai ragu sosai. Sai maganar lokaci. Manhajar ta saba ɗaukar kwafi wajen ƙarfe biyar saura kwata na asuba, lokacin da a gidajenmu batirin inbata yake gab da ƙarewa. Ku mayar da shi tsakar rana, sa'ad da rana ke kan fanel. Ku kuma riƙa leƙa shafin ajiya, domin jadawali yana iya yin makonni yana gazawa saboda intanet ko cikar wuri, mutum yana zaune yana ganin yana da kwafi.

Sabuntawa tana zuwa kowane wata, yawanci Larabar farko. Na taɓa zama mai dannawa da zarar ta fito, har wata rana haɗin inbata ya daina aiki da daddare. Yanzu ina karanta sashen da ke lissafa abubuwan da aka canza waɗanda za su iya karya tsohon saiti, ina jira ƙananan gyare-gyaren da ke biyo baya su fito, sannan ina tabbatar da an ɗauki kwafi kafin na danna. Ba na sabuntawa da dare, ba na yi ana jibi zan yi tafiya, kuma ba na yi wa gidan wani daga nesa idan babu yadda zan isa wurin a ranar.

Ku gwada maido da ajiya tun babu abin da ya lalace. Ku samu kati na daban, ko ku ɗora manhajar cikin VirtualBox, mai ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, ku sauke kwafin daga inda kuka aika shi, ku shigar da mabuɗin daga takardar da kuka rubuta. Ku yi gwajin ba tare da na'urar gwajin tana kan Wi-Fi ɗin gidan ba, in ba haka ba ita ma za ta fara ba injin ruwa umarni tare da ta ainihi.

Ku masu yi wa mutane aiki, mabuɗin nan na maigida ne. Ku buɗe ma'ajiyar da asusunsa, ku damƙa masa takardar hannu da hannu, ku gaya masa a fili abin da take buɗewa da abin da zai faru idan ta ɓata. Idan yana so ku riƙe kwafin mabuɗin saboda gyara, ya faɗa da bakinsa. Gobe kuna iya komawa wani gari, ko ku saɓa, kuma wanda zai gaje ku a aikin zai bukaci takardar nan kafin ya taɓa komai.