Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Jitar Yaya

A makon jiya na tsaya ne a ranar sadakar arba'in ta Yaya, cikin watan Maris na 2021, bayan baƙin da suka zo daga Arlit da Ingal sun watse, gida ya koma daga mu sai mu. A daren nan Inna ta miƙo mini makullin ɗakin soro, inda Yaya yake ajiye kayan sana'arsa, ta ce in shiga in rubuta abin da ke ciki tun da ni ne na san sunayensu. Gaskiyarta ne, domin shekara ashirin ina gyaran rediyo da talabijin a Agadas, kuma babu wata waya a cikin kayan nan da ban taɓa liƙa ta da dalma ba.

Abin da na tarar ba shi da yawa. Akwai amfilifaya ƙirar Peavey, wadda mu a nan muke kira ampili, da lasifika biyu, da wasu ƙananan akwatuna uku da ake takawa da ƙafa don sauya amon kiɗa, da buhun wayoyi. A jingine da bango kuma, cikin akwatinta, ga jitar: Fender Stratocaster ƙirar Meziko, fara ce a da, amma rana da ƙura da gumi sun mayar da ita ruwan ƙwai. Yaya ya saye ta ne a Yamai a 2005, hannu na biyu, da kuɗin babur ɗinsa da ya sayar, abin da ya sa Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska. A lokacin tawayen 2007, sa'ad da riƙe jita a Agadas ya zama abin tuhuma har makaɗa irin su Bombino suka bar ƙasar, ni da Yaya muka naɗe ta da bargo da leda muka binne ta a bayan garken awaki. Ta yi kusan shekara biyu a ƙasa. Da muka tono ta, tsatsa ta ci dukkan tsirkiya shida, amma da na goge maganaɗisun da ke ɗaukar sauti na jona ta, sai ta yi magana kamar jiya aka ajiye ta.

Ban kai ga gama rubutu ba aka yi sallama. Yaron Yaya ne, wanda ya shekara goma sha biyu yana kaɗa jita ta biyu a bayansa a gidajen biki. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma har yau yaron Yaya muke ce masa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Ba don in tayar da magana a gidan makoki ba, amma maigida ya ce mini tun yana kwance, in ta Allah ta kasance, farar jitar tawa ce. Ampili da lasifika kuwa ka fi kowa sanin na ƙungiya ne.” Na ce masa na ji, za a zauna. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, alhali rabin maganarsa na san gaskiya ce tun kafin ya rufe baki, domin ni ne na je Kano a 2012 na sayo ampilin a kasuwar Sabon Gari, kuma littafin da na rubuta karo-karon da su biyar suka yi yana cikin aljihun teburina a shago.

Da muka je wurin malamin unguwarmu, ya bi abin daki-daki yadda aka saba: a fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya idan akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne na magada. Yaya ya bar mata ɗaya, da 'ya ɗaya mai shekara goma sha ɗaya, da Inna, da ni, da ƙanwarmu, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Malam ya ce za a kasa dukiyar gida 24: matar tana da tumuni, wato 3, yarinya tana da rabi, wato 12, Inna tana da sudusi, wato 4, sauran 5 kuma ni da ƙanwata, namiji rabon mace biyu. Game da maganar yaron Yaya, ya ce idan kyauta ce, to kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai bayarwa ya mutu ta ɓaci a mazhabar Malikiyya. Idan kuma wasiyya ce, sai an kawo shaidu, ko kuwa magada su amince da bakinsu.

Na ce, “Allah gafarta Malam, to yaya za a yi wa kayan kuɗi?” Ya ɗan yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce malamai da yawa ba su halatta cinikin kayan kiɗa ba, shi kam ba zai sa musu farashi da bakinsa ba, amma idan mun mayar da su kuɗi muka kawo masa lissafi, ba zai ƙi raba wa marainiya haƙƙinta ba. Wani kawunmu da ke wurin ya ce a farfasa su kawai a huta. Inna ta aiko daga cikin gida cewa da kuɗin kiɗan nan aka yi wa shi kawun magani shekara biyu da suka wuce, daga nan bai sake tofa komai ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da an gama cikin mako guda. Masu sayen kayan kiɗa a gari sun taya jitar jika 250, wato sefa 250,000, sauran abin da Yaya ya bari kuwa, da fili da babur da awaki, bai wuce miliyan biyu da rabi ba. Ke nan jitar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma ba, kuma dukkanmu mun karkata ga a bar wa yaron abinsa. Sai ga saƙo ta WhatsApp daga wani Bafaranshe wanda ya taɓa zuwa Agadas ya naɗi kiɗan Yaya shekaru da dama baya. Bayan ta'aziyya, ya ce idan iyali za su rabu da farar jitar, zai biya yuro 3,000. Na buga lissafi sau uku, domin yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kuma kowane bugu yana kawo ni kusa da miliyan biyu. Da wannan farashi jitar ta haura sulusin dukiyar gaba ɗaya, wasiyyar da jiya take ƙaramar alfarma ta koma abin da zai cinye kusan miliyan ɗaya daga rabon marainiya.

Na kira shi da dare don in tabbatar ba wasa yake yi ba, na kuma gaya masa cewa zan wanke ta, in sa mata sabuwar tsirkiya, in toshe ramin da ke gefenta, wanda garwashin shayi ya ƙona. Mutumin nan ya kusa yin ihu. Ya ce kada in taɓa komai, kada in goge ko dattin da ke wuyanta, inda yatsun Yaya suka cinye fenti har katako ya fito. Abin da yake so shi ne takarda mai sa hannun magada, da hotunan Yaya yana riƙe da ita, da labarin binnewar nan a rubuce. Ni da na ƙare rayuwata ina mayar da tsohon abu sabo, ranar na fara jin cewa akwai kasuwar da ake sayen tsufa da datti, gyara kuma ya zama ɓarna.

Da na ba shi labarin rigimar da muke ciki, sai ya ce ai ba a kanmu farau ba, ya kawo mini labarin Jerry Garcia, jagoran ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, wanda daga baya na nemi labarin na karanta da kaina. Garcia ya rasu a watan Agusta na 1995, ya kuma rubuta a wasiyyarsa cewa a mayar wa Doug Irwin, masassaƙin da ya ƙera masa jitocinsa, da waɗannan jitoci. Sauran 'yan ƙungiyar suka ce sam, ai da kuɗin ƙungiya aka saye su aka kuma riƙa kula da su, don haka ba mallakar Garcia ba ne balle ya bayar. Aka yi ta shari'a har aka sasanta: Irwin ya karɓi biyu, waɗanda ake kira Tiger da Wolf, sauran suka zauna a hannun ƙungiya. Irwin, wanda haɗarin mota ya riga ya nakasa shi ya bar shi cikin talauci, ya kai su gwanjo a New York a watan Mayu na 2002, aka sayi Tiger dala 957,500, Wolf kuma dala 789,500. A 2017 aka sake sayar da Wolf dala miliyan 1.9.

Shi Bafaranshen yawan kuɗin ne yake so in ji, don in gane cewa tayinsa ba hauka ba ne. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hujjar 'yan ƙungiyar, cewa kayan da aka saya da kuɗin taro ba ya zama na mutum ɗaya don kawai shi ne a gaba. Su can sai da lauyoyi suka yi ta tono takardun ciniki, ni kuma tawa takardar tana cikin aljihun tebur, kwana tara ke nan ina zaune a kanta. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba: na yi shiru ne domin ampili da lasifikan za su yi jika 400, kuma ina da rabo a ciki. Na gaya wa kaina cewa marainiya nake karewa, amma da na zauna na raba lissafin, na ga har da aljihuna nake karewa.

Washegari na kai littafin gaban Malam, a gaban 'yan ƙungiyar su huɗu. Shafin yana nan da rubutuna na biro shuɗi, kowa da abin da ya zuba, Yaya jika 90, sauran jika 60 kowannensu. Malam ya ce a fitar da kason Yaya gwargwadon abin da ya zuba a sa cikin gado, kayan kuma su koma hannun masu su. Mai ganga ya dube ni ya ce, “Ashe littafin yana nan?” Na ce yana nan, bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Maganar jitar ce ta fi wuya. Shaidar yaron Yaya mutum ɗaya ce, mai gangar nan, sai kuma Inna da ta ce ita ma ta taɓa jin wani abu mai kama da haka, amma ba za ta rantse a kan lafazin ba. Matar Yaya tana cikin takaba, ta yi magana daga bayan labule, ta ce ita ta yafe tumuninta idan hakan zai sa a cika wa mamaci burinsa. Malam ya ce baligi yana da ikon yafe nasa, amma rabin jitar na yarinya ne, kuma babu waliyyin da shari'a ta ba ikon yin kyauta da dukiyar maraya. Nan magana ta ƙare. Aka yanke a sayar, manya kuma, in sun ga dama, su saya wa yaron wata jitar daga rabonsu.

Bayan an cire kuɗin aike da na mota, sefa 1,920,000 suka rage, kowane kaso jika 80. Matar ta sami jika 240, yarinya 960, Inna 320, ni da ƙanwata muka raba 400. Inna ta ba da 100, ni na ba da 130, ƙanwata 50, muka sayo masa wata jita a Yamai, wadda a idon mai gyara ta fi ta Yaya lafiya nesa ba kusa ba. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Har yau ban gamsu cewa ba a tauye shi ba, domin ni na san Yaya, na kuma san irin maganar da yake iya yi, kuma abin da aka yi wa yaron alkawari ba jita mai lafiya ba ce. Kuɗin yarinya kuwa aka saya mata fili da shi a bayan gari, takardar tana hannun Inna.

Ranar da za a sa ta a motar Yamai, tafiyar kusan kilomita 950 ta hanyar Tawa, inda wani zai karɓa ya wuce da ita Faransa, yaron Yaya ya zo shago tun da sassafe. Ya ce ba a tafiya mai nisa da jita tsirkiya a ɗaure, zafi zai iya lanƙwasa wuyan, ya roƙa in bar shi ya sassauta da kansa. Ya zauna a kan benci ya ɗora ta a cinya, bai jona ta da komai ba, ya ɗan kaɗa abin da Yaya yake buɗe biki da shi, a hankali, yadda sai wanda ke cikin shagon zai ji, sannan ya bi maƙunnan shida ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa har sautin ya mutu. Maɗaurin fata da Yaya yake rataya ta da shi, aikin matan Abzin mai tuntaye ja da kore, ba ya cikin abin da muka rubuta a takardar ciniki, don haka na kwance shi kafin in rufe akwatin. Na miƙa wa yaron, ya girgiza kai ya ce a kai wa yarinya, ita ce ba ta da abin tunawa. Na cusa tsofaffin rawunan Yaya biyu a gefen jitar don kada ta yi motsi, na naɗe akwatin da kwali da salatif, muka ɗauka tare zuwa tasha.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba da labarin yadda riƙon yarinyar ya dawo hannuna bayan mahaifiyarta ta fita takaba.