Neman labarin yarinta da sunansa ya ɓace

Masu aikin ɗakin karatu sun saba da wannan buƙata: mutum ya zo neman labarin da ya karanta yana ƙarami, na wata tsohuwa da ta gyara ɗakinta, ta yi sallama da kowa, ta kwanta, rai ya yi halinsa cikin natsuwa. Sunan littafin ya ɓace masa, na marubucin ma haka. Abin da aikin ya koya mana shi ne a yi wa mai neman tambayoyi sosai kafin a taɓa kwamfuta.

A raba takarda gida biyu, abin da ya tabbatar a gefe guda, abin da yake zato a ɗaya. Ƙwaƙwalwa kan haɗa labarai biyu su zama ɗaya, ta mayar da kaka maƙwabciya, ko ta ƙara kyanwar da babu ita. Kalma ɗaya ta zato idan ta shiga bincike, sai ta kore littafin da ake nema. Siffar littafin ta fi zaren labarin zama a ƙwaƙwalwa: launin bango, girmansa, zane mai launi ne ko baƙi da fari. Idan siriri ne, kowane shafi da hoto, da alama littafin hotuna ne, irin wanda yawanci ke da shafi 32.

Sai shekara. Wanda aka haifa a 1985 ya karanta yana ɗan shekara 8, littafin ya fito a 1994 ko kafin nan. Amma a koma baya da shekara 30 ko fiye, domin littattafan yara kan daɗe a hannu. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake bai wa littafi, sai wajen 1970 ta yaɗu, don haka tsofaffin bugu ba su da ita.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa labarin littafi ne mai zaman kansa. Sau da yawa yana cikin littafin koyon karatu na makaranta ko tarin gajerun labarai, kuma kundin ɗakin karatu irin WorldCat sunan tarin yake riƙewa, ba lallai ya jera labaran ciki ba. Maganin wannan shi ne binciken cikin rubutu a Google Books da Internet Archive, shafukan intanet masu ajiye littattafan da aka ɗauka hoto. A zaɓi baƙon abu guda biyu ko uku daga labarin, kamar bargon da ta ɗinka ko agogon da ya tsaya, domin "tsohuwa" da "mutuwa" za su kawo dubban sakamako. A yi binciken da harshen da aka karanta labarin. Na'urar da ke karanta shafukan da aka ɗauka hoto tana kuskuren haruffa, don haka jimla doguwa cikin alamar zance takan ƙi fitowa. Kalma uku ko huɗu sun isa.

Idan da baki aka ji shi, wataƙila tatsuniya ce mai siga da yawa. Nan kundin rabe-raben tatsuniyoyi na masana tatsuniya Aarne da Thompson, wanda wani masanin mai suna Uther ya sabunta a 2004, yake da amfani.

In an samu wanda ya yi kama, kada a yi saurin yanke hukunci. A nuna wa mai neman zanen ciki, domin mawallafa kan sauya bango, wani lokaci har da suna, a sabon bugu ko a fassara. A nemo bugun da ya dace da shekarunsa, a bar shi ya karanta shafin ƙarshe da kansa.