Renon maɗaci a cikin kwalba, da ruwan da ya riƙa kashe mini toho

Masu maganin gargajiya na Agege sun daɗe suna kukan tsadar sassaƙen maɗaci, domin itacen da aka kewaye da sara mutuwa yake yi a tsaye, irinsa kuma ba ya jure ajiya. Tun 2022 CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa shi cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu. Wannan ne ya sa na nemi gurbi a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a nan Legas, don in yawaita shi daga 'yan gaɓoɓin reshe.

Haɗa abincin da ake dasa gaɓoɓin a kai cikin kwalba bai wahalar da ni ba: haɗin sinadaran gina tsiro na masana Murashige da Skoog na 1962, suga giram 30 a lita, a dafa a zafin digiri 121. Fumfuna na fi tsoro saboda laimar garin nan, amma wanki da barasar asibiti da ruwan bilic ya rage ta ƙwarai.

Abin da ya karya mini gwiwa daban ne. Gaɓoɓin da na yanko daga babban itace, da zarar sun kwana a kwalba, sai wani ruwa ya tsatso daga bakin yankan ya rine abincin kamar baƙin shayi, gaɓar ta yi baƙi daga ƙasa zuwa sama, idon tohon da na ƙwallafa rai a kansa ya bushe. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Sinadaran fenol ne na jikin itacen, waɗanda idan suka haɗu da iska suke zama guba gare shi. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna kuɗin man janareta da ya ƙone kan kwalaben da tuni suka mutu.

Sauƙi ya zo ne da na koma yanko gaɓa daga 'yan tsirrai da na tsirar da sabon iri. Nakan jiƙa su a ruwan bitamin C, in ajiye kwalaben a duhu makon farko, in sauya musu abinci da zarar launi ya fara juyawa, ba tare da jiran gobe ba. Tataccen garin gawayi ma yana shanye gubar, sai dai yana shanye har da sinadarin BAP mai sa toho, don haka nakan cire gawayin idan tsatson ya tsaya. A kan wannan tsari ne na ga ganyen farko ya buɗe, ja-ja kamar yadda sabon ganyen maɗaci yake, kuma yanzu ina kan matakin fitar da saiwa.