Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Tsohuwar Tarakta Ta Yi Tari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya ne inda dattijon maƙwabcina a nan Ohio ya buɗe min rumfar bayan gidansa na ga abin da ke lulluɓe da tamfol. To ƙaramar tarakta ce, irin wadda mutanen nan ke yankan ciyawa da huɗar lambu da ture ƙanƙara da ita, John Deere 110 ƙirar 1966, koriya da tayoyi masu ruwan ɗorawa, sai dai tsatsa ta ci jikinta har fentin na ɓarewa in ka shafa. Yace rabon da a tayar da ita tun rasuwar matarsa. Dala 150 na ba shi, ni da shi muka turo ta har garejina don tayoyin gaba duk sun kwanta.

Maman Ummi ta leƙo tace "Abban Ummi wannan kuma me za ka yi da ita, mu da filin gidan namu bai kai tabarma goma ba?" Nace ki dai bari ki gani. Gaskiya a lokacin raina ne kawai ya kwanta da ita, tunda na zo ƙasar nan hannuna bai taɓa baƙin mai ba, ni da na tashi a shagon Kawuna a Gusau muna kwance injin niƙa da injin ban ruwa tun ina ɗan firamare.

Wannan ƙirar a 1963 aka fara yinta a garin Horicon na jihar Wisconsin, injin da ke kan tawa kuma Kohler K181 ne, silinda ɗaya, ƙarfin doki 8, zubin baƙin ƙarfe, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba. Shi yasa abin da na tarar da na cire murfin fanka ya tayar min da hankali, ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, auduga da busasshiyar ciyawa da ɓawon masara sun toshe duk tsagogin da iska ke bi, da na yi gaggawar kunna ta a haka wallahi da zafi ya gama da injin cikin mintuna kaɗan. Da burushi da tsinken waya na dinga sakato su har na cika leda guda.

Na cire fulogi na ɗiga mai a ramin na barshi kwana uku kafin na juya injin da hannu, ya juya amma sakayau ba nauyi, wato ba ya riƙe iska. Nan na kira Kawu, ƙarfe huɗu na yamma a nan, can tara na dare ya yi shirin kwanciya. Nace "Kawu barka da dare, injin na juyawa amma ba ƙarfi." Bai ma bari na ƙarasa ba yace "Ɗana buɗe kan ka duba bawul, ɗaya ya maƙale a sama, kar ka kuskura ka doke shi da guduma, kananzir za ka ba shi ka bi shi a hankali." Haka kuwa aka yi, bawul ɗin hayaƙi ne ya cije. Mutumin da bai taɓa ganin injin ba, daga Zamfara ya gano ciwon. Dare biyu ina ɗiga masa kananzir ina ɗan taɓa shi da ƙotar katako kafin ya sauka da kansa.

Kabireta ita ta fi cin lokaci na. Fetur ɗin nan yawanci akwai sinadarin ethanol kashi 10 a cikinsa, in ya daɗe a ajiye yana jan ruwa ya bar wani danƙo kamar ƙaro, duk ƙananan ƙofofin sun liƙe. Na wargaza ta a kan farin tsumma, kowane noti na jera shi yadda na ciro shi kamar yadda aka koya min. Tankin kuma na zuba masa tsofaffin notuna da kananzir na yi ta girgizawa sai ga jan ruwa na fita. Kwantak, wato ƙarafan da ke haɗuwa su rabu don ba fulogi wuta, na goge da sanfefa mai laushi na saita tazararsa a 0.020 na inci, na sa sabon gaskit, sabon tiyo, sabon batir.

Ranar Asabar bayan la'asar na yi bismillah na murɗa makulli. Ta juya, shiru. Na ja cok, abin da ke rage iska don fetur ya ƙaru, na sake. A karo na huɗu ta yi tari sau biyu ta fesa baƙin hayaƙi sannan ta kama, tuf tuf tuf, irin sautin injin niƙan nan na unguwarmu sak, hannuna na rawa na kira Kawu na kara wayar a jikin salansa ban ce komai ba. Ina ɗagowa sai ga dattijon a bakin garejin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ashe tun daga falonsa ya gane muryarta.

Giya kam ta ƙi shiga, bel ɗin ya tsattsage. Wannan da labarin fenti sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.