Barci ɓarawo ne, ni kuwa na zauna gadi

Ina da shekara 27 barci ya fara ƙaurace wa idona. Abin da ya jawo ba wani abin a zo a gani ba ne, wani aiki ne ya tsaya mini a wuya na 'yan makonni, ga bashi da nake ta juyawa a zuciya. Aikin ya ƙare, bashin na biya, amma barcin bai dawo ba sai bayan shekara 4. Waɗannan shekarun ni na gina su da hannuna, kuma duk tubalin da na ɗora da niyyar neman sauƙi na ɗora shi. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, ƙannena, musamman ku da kuka fara kwana kuna juyi kuna cewa ai zai wuce.

Dare ɗaya ko mako ɗaya babu runtsawa saboda jarrabawa ko rasuwa ko zullumin wani abu, wannan kowa na yi. Likitoci ba sa kiran abin ciwo mai ɗorewa sai ya kai dare 3 a mako, ya ɗauki wata 3 ko fiye, yana kuma taɓa mutum da rana, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya. Kusan mutum 1 cikin manya 10 yana cikin wannan hali. Da na san haka a lokacin da na ɗan ji sanyi, domin mai ido biyu da talatainin dare gani yake shi kaɗai ya rage a duniya.

Kuskurena na farko lissafi ne. Na ce jiya na yi asarar awa 4, to yau bari in kwanta da wuri in rama. Sai na koma hawa gado ƙarfe 9 na dare, ba na sauka sai 7 na safe. Awa 10 ke nan a kan katifa, barcin da ke ciki kuwa bai wuce awa 5 ba. Sauran awa 5 ɗin ba a banza suke tafiya ba, darasi nake ba ƙwaƙwalwata kowane dare ban sani ba: gado wurin juyi ne, wurin tuno maganar da aka faɗa mini shekara 3 baya da amsar da ya kamata in bayar. Ƙwaƙwalwa kuwa ɗaliba ce mai hadda. Har ta kai ina zaune a kujera ina zuba gyangyaɗi, kaina na rinjaya, amma da na miƙe na ɗora kai a matashi sai idona ya bushe kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na daɗe ina ɗaukar wannan abin al'ajabi, ashe sananniyar alama ce ta ciwon.

Wani masanin barci a Amurka, Arthur Spielman, ya kasa abin gida 3 a 1987. Akwai abin da mutum ya zo da shi, kamar saurin damuwa ko barci marar nauyi da ya gada. Akwai abin da ya tayar da ciwon, irin aikina da bashina. Sai na uku, abin da ke ci gaba da ciyar da shi bayan sanadin ya wuce. Na farko ba ka da iko a kansa, na biyu yakan wuce da kansa. Na ukun shi ne halayen da mutum ke ɗauka don ya taimaki kansa, kuma a nan na yi shekaru ina gyaran gangar Auzinawa.

Abu biyu ne ke kawo barci, ni kuwa duka biyun na lalata. Na farko zan kira shi yunwar barci. Tun daga farkawarka wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, gwargwadon daɗewarka ido biyu gwargwadon nauyinsa, sai ka yi barci ya ragu. Barcin rana na awa 2 da nake yi duk ranar da na samu sarari tamkar cika ciki ne gab da lokacin cin abinci, dare ya yi yunwar ta mutu. Na biyu agogon jiki ne, wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke karɓar labarin haske daga ido, ya shirya lokacin da za a saki sinadarin melatonin, mai shirya jiki don barci, da dare da lokacin da za a tsayar da shi. Ba tatsuniya ba ce, a kan yadda wannan agogo ke aiki aka ba masana 3 kyautar Nobel a 2017, kuma a jikin ƙananan ƙudaje suka gano sirrin. Agogon yana son tsari, yana son hasken safe a lokaci guda kullum. Ni kuwa ranar aiki in tashi 7, ranar hutu in kai 11 ina ramuwa, kamar mai ƙaura daga wata nahiya zuwa wata duk ƙarshen mako.

Sai kofi. Tunda rana ba ta yiwuwa sai da shi, nakan sha da safe, in ƙara da la'asar. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, ba ya ƙara wa mutum ƙarfi, zama yake a gurbin da adinosin ke zama, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin gajiyar da ke nan daram. Jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Ku lissafa da kanku: kofin ƙarfe 4 na yamma, rabinsa na nan ƙarfe 9, kwatarsa na nan ƙarfe 2 na dare. Shayi da lemukan ƙara kuzari duk gida ɗaya suke.

Wanda na fi jin kunyar faɗa shi ne na ƙwaya. Da maganin mura na fara, irin mai sa kasala. Ya yi aiki dare biyu ko uku, daga nan jiki ya saba, sai dai in tashi da nauyin kai da bushewar baki. Sai wani da na sani ya ba ni wata ƙwayar kwantar da hankali mai suna diyazifam, babu likita babu takarda. Daren farko na yi barci kamar an ɗauke ni, na ce ashe maganin yana nan nake ta wahala. Bayan 'yan makonni guda ɗaya ta daina isa. Da na tsorata na daina, sai na yi daren da ban taɓa yin irinsa ba, ko runtsawa babu, ga faɗuwar gaba, ga gumi. Hukuncin da na yanke a daren shi ne tarkon: na ce lallai jikina ba ya iya barci sai da ƙwaya. Ba haka ba ne. Irin waɗannan magunguna in aka janye su rashin barcin kan dawo da ƙarfi fiye da da na ɗan lokaci, janyewar ce ke magana, ba asalin ciwon ba. Wanda ya daɗe yana sha kuwa kada ya kuskura ya yanke lokaci guda, yana iya kai shi ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage wa mutum kaɗan-kaɗan, haka aka yi mini, wata da watanni. Sababbin magungunan barci ma ba su tsira ba. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan zolpidem da 'yan'uwansa, saboda an samu masu tashi cikin barci su yi tafiya ko su tuƙa mota ba su sani ba. Ban ce maganin barci ba shi da rana ba. Yana da ita, a hannun likita, na ɗan gajeren lokaci. Ni dai ba a ranarsa na sha shi ba.

Duk waɗannan rassa ne. Saiwar ita ce na mayar da barci aiki. Tun la'asar nake fara fargabar dare. In na kwanta sai in leƙa agogo: ƙarfe 1, in na yi barci yanzu zan samu awa 6. Ƙarfe 2 da rabi, saura 4 da rabi. Kowane leƙe sai zuciya ta ƙara bugu, jiki ya shiga shirin ko-ta-kwana kamar an ce ga maciji a ɗaki. Har manhajar auna barci na saka a waya, da safe in duba makin da ta ba ni kafin in san ko na gaji ko ban gaji ba. Ana yawan ɗora laifi a kan hasken waya, kuma yana da nasa, amma a ganina abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna, domin babu mai karanta gardama da tsakar dare jininsa ya kwanta. Mun saba cewa barci ɓarawo ne, ban taɓa tsayawa na auna maganar ba. Ɓarawo ba ya shiga gidan da mai gida ke zaune bakin ƙofa da fitila yana jiransa. Ku tambayi duk mai barci lafiya me yake yi in ya kwanta, zai ce muku ba komai.

Da na gaji na je wurin likita, na zaci wata ƙwayar za ta rubuta mini. Sai ta fara da tambayoyi. Ko ina minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa, domin wannan ciwo ne daban da maganinsa daban. Ko ƙafafuna na damuna da dare sai na motsa su, abin da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kan jawo. Ta duba ƙwayar tayirod da ke wuya, ta tambaye ni yanayin zuciyata, tunda ciwon damuwa da rashin barci kowanne na iya haifar da ɗan'uwansa. Sannan ta ce in je in riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi da kiyasin barcina har mako 2.

Abin da ta ɗora ni a kai bayan nan horo ne na gyara ɗabi'un barci da tunanin da mutum ke yi a kansa, likitoci na taƙaita sunansa da CBT-I. Ba sabon abu ba ne. Wani ɓangarensa Richard Bootzin ya fito da shi tun 1972, wani kuma na Spielman ne, kuma a 2016 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ce shi ya kamata a fara gwadawa kafin ƙwaya. Tunda takardata ta nuna barcina awa 5 da rabi ne, to awa 5 da rabi kawai zan yi a gado: in kwanta 12 da rabi, in tashi 6, kullum, har ranar hutu, ko da daren ko runtsawa ban yi ba. Babu barcin rana. In na kwanta na ji an ɗan jima barci bai zo ba, kamar minti 20 a kiyasi ba da kallon agogo ba, in tashi in bar ɗakin, in zauna a haske marar ƙarfi da wani abu marar tayar da hankali, sai ido ya yi nauyi in koma. Ko sau 4 ne a dare. Agogo kuma a juya fuskarsa bango.

Na ce mata mutum ya zo da kukan rashin barci, ke kuma kin rage masa lokacin kwanciya? Ta yi dariya ta ce in dawo bayan mako 2.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana 10 na farko sun fi ciwon kansa wuya. Ƙarfe 10 na dare ina tsaye ina zagaya ɗaki don kada barci ya sace ni a kujera, ni da na shekara 4 ina roƙonsa. Da rana kaina kamar an cika shi da yashi. Amma a mako na biyu wani abu ya faru da na manta yadda yake: na kwanta, ban san lokacin da aka ɗauke ni ba, sai ƙarar agogo na ji. Ƙa'idar ita ce in barci ya cinye kashi 85 cikin 100 na lokacin da mutum ke gado har tsawon mako, sai a ƙara masa minti 15. Da haka na riƙa hawa, kwatar awa bayan kwatar awa, har na tsaya a awa 7. A nan ma na gane cewa awa 8 da nake ta kuka a kai ba doka ba ce, yawancin manya tsakanin 7 da 9 suke buƙata, ni ina kan iyakar ƙasa.

Kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa lokaci yau da dare ba shawara. Ba a sauka ƙasa da awa 5. Mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke sa yanayin zuciya hawa da sauka mai tsanani, da mai tuƙi ko aiki da injina masu haɗari, rage barci na iya cutar da su, sai da idon likita. Amma tashi a lokaci guda kullum, fita cikin hasken safe, tsayar da kofi daga tsakar rana, da barin gado in barci ya ƙi, waɗannan kowa na iya farawa gobe. Ni na ƙara da wata 'yar dabara: da farkon dare nakan zauna da takarda in zube duk abin da ke cina da abin da zan yi a kansa gobe, domin abin da ba a saurare shi da ido biyu a zaune ba, a kan matashi yake zuwa ya nemi a saurare shi.

Har yanzu nakan yi mugun dare. Barci zagaye-zagaye yake, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma kowa kan ɗan farka tsakaninsu, masu barci lafiya mantawa kawai suke yi. Makon da ya wuce na farka a irin wannan gaɓar, tunanin wani aiki ya riƙe ni. Ban san ƙarfe nawa ba ne, agogon na kallon bango. Na tashi na zauna a falo ina karanta takardar bayanin wata na'ura da na saya, har hamma ta fara zuwa. Ƙarfe 6 na tashi kamar kullum, kai da nauyi, na sha kofina ɗaya na fita. Da daren ban kwanta da wuri ba.