Nazarin Wicca: Tambayi Shekara, Tambayi Wanda Ya Faɗa

Duk wanda ya zauna nazarin Wicca da Hausa a bakinsa, tuntuɓen farko da zai ci yana wajen fassara. Mabiya wannan addini suna kiran kansu da kalmar Turancin da ƙamus ke fassara mana da "maye" ko "mayya". Bahaushe kuwa in ya ji maye, abin da ke faɗo masa shi ne mai kama kurwa, wanda ake cewa ya gaji ƙanƙarar maita ko ya saye ta, wanda ake tilasta wa tsallake mara lafiya don ya sake shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Wicca. Kalmar boka ma ba ta dace ba, domin boka mai sana'a ne da ake zuwa wurinsa da buƙata, su kuwa waɗannan jama'a ce mai ibada da bukukuwa da aƙida. Wanda ya shiga karatun da hoton maye a kansa, duk abin da ya karanta zai karkace masa.

Wicca addini ne da ya bayyana a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20. Galibin mabiyansa suna bauta wa ababen bauta biyu, mace da suke dangantawa da wata, da namiji mai ƙaho da suke dangantawa da daji da farauta, suna kuma yin abin da su da bakinsu suke kira sihiri. Musulmi ko Kirista mai karatu ba ya buƙatar a faɗa masa cewa wannan ya saɓa wa aƙidarsa, abin a fili yake. Shi ya sa ba na ganin dalilin da zai sa a ƙara masa ƙarya. Misali, cewa suna bauta wa Shaiɗan ba daidai ba ne, domin babu Shaiɗan a tsarin imaninsu. Ɗalibin da ya rubuta haka a jarrabawar nazarin addinai ya faɗi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na shekaru. Littattafan masu farawa da yawa suna buɗewa da cewa Wicca shi ne "tsohon addini" na Turai, wai ya girmi Kiristanci da dubban shekaru, ya ɓuya a ƙauyuka har ya sake fitowa. Takardu ba su nuna haka ba. Mutumin da ya fito da shi fili shi ne Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya rasu a 1964. Ya yi aikin gonakin shayi da roba da kuma aikin gwamnatin mulkin mallaka a kudanci da kudu maso gabashin Asiya, ya yi ritaya a 1936 ya koma Ingila. Ya ce a 1939 wata ƙungiya a yankin New Forest, a kudancin ƙasar, ta shigar da shi cikinta. A 1951 majalisa ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735, kuma a 1954 ya buga littafin da ya sanar da duniya addinin. Masu binciken da suka bi sawun ƙungiyar New Forest sun fi karkata ga cewa, in har ta wanzu, a farkon ƙarni na 20 aka kafa ta.

To daga ina labarin daɗewar ya fito? Daga Margaret Murray, masaniyar tarihin tsohuwar Masar a wata jami'a a Landan. A 1921 ta fitar da ra'ayin cewa mutanen da aka yi wa shari'ar maita a Turai mabiya wani ɓoyayyen addinin gargajiya ne. A 1929 aka ba ta ta rubuta bayanin maita a kundin Britannica, bayanin ya zauna a can kusan shekara 40, ita ce kuma ta rubuta gabatarwar littafin Gardner na 1954. Ka ga kuwa dole mai karatu na wancan zamani ya ɗauka magana ta ƙare. Sai a shekarun 1970 masana tarihi, musamman Norman Cohn a 1975, suka koma ga ainihin takardun kotu suka jera su kusa da abin da Murray ta ciro. Abin da aka gani ya isa darasi ga kowane ɗalibi. Inda wadda ake tuhuma ta ce sun taru da dare sun ci abinci, Murray ta kwafa. Inda matar nan, a cikin bayani guda, ta ce ta tashi sama ko ta rikiɗe ta zama dabba, sai ta tsallake. Da aka cire abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, ragowar ya yi kama da rahoton taron ibada na gaske. Ga shi kuma yawancin bayanan nan da azaba ko tsoro aka tatso su. Tun daga nan ra'ayin ya rushe a jami'o'i, amma har yau yana yawo a intanet kamar ba a taɓa ƙaryata shi ba. Littafin Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, The Triumph of the Moon, wanda ya fito a 1999, shi ne inda mai son tarihin da aka tace ya kamata ya fara, kuma mabiya addinin da yawa sun karɓi bincikensa.

Ƙanwar wannan kuskure ita ce adadin mutum miliyan 9 da ake cewa an ƙone a Turai bisa zargin maita. Asalinsa wani Bajamushe ne, Gottfried Christian Voigt, wanda a 1784 ya ɗauki ƙididdigar shari'o'in garinsu, Quedlinburg, ya ninka ta a kan faɗin Turai da ƙarnoni masu yawa. Marubuciyar Amurka Matilda Joslyn Gage ta maimaita adadin a 1893, Gardner ma ya ɗauka. Masana tarihi a yau suna ƙiyasta mutum 40,000 zuwa 60,000 da aka kashe tsakanin wajen 1450 da 1750, kusan kashi uku cikin huɗu mata. Wannan ma bala'i ne babba, ba ya buƙatar ƙari. A Ingila rataya aka riƙa yi ba ƙonawa ba, haka ma a Salem ta Amurka a 1692, inda aka rataye mutum 19 aka danne ɗaya da duwatsu har ya mutu. Waɗanda aka kashen nan galibinsu talakawa ne Kiristoci da maƙwabta suka yi wa ƙazafi.

Littafin ibadarsu, wanda suke kira Littafin Inuwa, shi ma yana da tarihin da za a iya bi. Gardner ya haɗa shi daga wurare daban-daban: rubuce-rubucen Aleister Crowley, wani masihirci ɗan Ingila, wanda suka haɗu a 1947, da littafin Charles Leland na 1899 kan mayun Italiya, da tsoffin littattafan sihirin Turai, da tsarin matakai uku irin na ƙungiyar asiri ta Firimason. Doreen Valiente, wadda ta shiga ƙungiyar Gardner a 1953, ta gane kalaman Crowley a ciki, ta rage su ta sake rubuta sassa da yawa da salonta. Saboda haka in wani ya ce yana sayar da "ainihin" littafin mai shekara 500, ka san inda za ka ajiye shi.

Batun "Wicca ta gaskiya" kuwa su kansu mabiyan ba su daidaita a kai ba, kuma mai farawa kan faɗa cikin gardamar bai san an daɗe ana yin ta ba. Akwai rassan da ake shiga ta hanyar ƙaddamarwa, wato bikin shigar da sabon mabiyi: na Gardner, da na Alex Sanders da ya taso a shekarun 1960. A nan mutum yana zama da ƙaramar ƙungiya da suke kira koben, wadda bisa al'ada ba ta wuce mutum 13, ƙarƙashin shugaba mace da abokin aikinta namiji. Akan jira aƙalla shekara ɗaya da kwana ɗaya kafin matakin farko, matakan kuma uku ne. Kowa yana iya lissafa wanda ya shigar da shi da wanda ya shigar da wancan, har a kai ga Gardner ko Sanders, kusan yadda ɗalibi ke lissafa malamansa. Raymond Buckland ne ya kai wannan tsari Amurka a farkon shekarun 1960. A can aka sami reshen mata na Zsuzsanna Budapest a 1971, sannan littafin Scott Cunningham na 1988 ya buɗe ƙofa ga masu yi su kaɗai a gida ba tare da kowa ya shigar da su ba, waɗanda a yau su ne suka fi yawa. Tambayar da ke da amfani ga mai nazari ita ce: wane reshe ne ke magana? Duk jimlar da ta fara da "dukkan 'yan Wicca sun yarda cewa" tana buƙatar a sake duba ta.

Ga misalai biyu. Ƙa'idarsu da ta fi shahara, mai ma'anar "in bai cutar da kowa ba, yi abin da kake so", an ji ta a sigar da aka sani a jawabin Valiente na 1964, doguwar waƙar da ake jingina mata kuma a 1975 aka buga ta a wata mujallar Amurka. Dokar da ke cewa abin da ka aikata zai dawo maka ninki uku ta yaɗu ne a shekarun 1960, kuma Valiente kanta ba ta gamsu da ita ba.

Kalandarsu tana da bukukuwa 8. Huɗu sun samo sunaye daga tsohuwar al'adar Ayaland da Sikotland: Samhain, da ake furtawa Sawin, a 31 ga Oktoba, Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane a 1 ga Mayu, Lughnasadh a 1 ga Agusta. Sauran huɗun suna bin rana: dare mafi tsawo a Disamba, yini mafi tsawo a Yuni, da lokuta biyu da dare da yini ke daidaita, a Maris da Satumba. Babu wata tsohuwar al'umma da aka sani tana yin takwas ɗin duka tare. A shekarun 1950 aka haɗa su. Sunan Mabon na bikin Satumba ma Ba'amurke Aidan Kelly ne ya sa shi a shekarun 1970. Mabiyan da ke Ostireliya suna juya kalandar da wata shida, domin hunturunsu yana zuwa a Yuni. Mu da muka san damina da kaka da hunturu da bazara irin namu, nan da nan za mu ga yadda tsarin ya dogara da yanayin arewacin Turai. Ban da waɗannan akwai taron da ake yi idan wata ya cika.

Kayan aikin ma akwai ruɗani a kansu. Wuƙar nan mai baƙin ƙota da suke kira atame ba a yanka komai da ita, da ita ake zana da'irar ibada, mai faɗin ƙafa 9 a al'adar Gardner. Yankan ganye ko igiya da wata wuƙa mai farin ƙota ake yi. Ba a yanka dabba a Wicca. Turaren farin ganyen nan da ake nunawa a bidiyon TikTok kuwa al'adar 'yan asalin Amurka ce, maganar cibiyoyin ƙarfi bakwai na jiki kuma daga Indiya aka aro ta.

Hanyar tacewa ba ta da wuya, haƙuri take so. Kafin ka karanta babin farko, duba shekarar bugu: abin da aka rubuta kafin 1975 a kan tarihi galibi yana kan ra'ayin Murray, ka karanta shi a matsayin shaidar abin da mutanen lokacin suka yi imani da shi. Sannan ka raba magana kashi biyu, ta imani da ta tarihi. In marubuci ya ce wata yana da iko a kan mafarki, imaninsa ya faɗa, sai ka rubuta "sun yi imani cewa". In ya ce an yi kaza a shekara kaza, dole ya nuna takarda. Ka bi adadi har tushensa, domin shafuka 20 da suka kwafi juna shaida ɗaya ce. Kan yawan mabiya, alal misali, akwai abin riƙewa: ƙidayar Ingila da Wels ta 2021 ta sami kusan mutum 13,000 da suka rubuta Wicca a matsayin addininsu. A Amurka kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da shi a matsayin addini a 1986, kuma a 2007 gwamnati ta yarda a sa tauraronsu mai kusurwa biyar a kan kabarin tsoffin sojoji. Ka kuma yi hattara da ƙananan littattafan da suka cika kasuwannin intanet, marasa tarihin marubuci, waɗanda sau da yawa kwamfuta ce ta harhaɗa su.

Inda kuskure ke taɓa lafiya da dukiya ya fi damuna. Rassan gargajiya ba sa karɓar kuɗi don ƙaddamarwa, ba sa shigar da wanda bai kai shekara 18 ba, ba sa kuma bin mutane suna kiransu. Saƙon WhatsApp ko Facebook da ke cewa ka turo kuɗin rajista a shigar da kai ƙungiyar asiri ka yi arziki cikin mako guda damfara ce, ko wane suna aka laƙa mata. Gaskiya ne wasu rassan suna ibada tsirara, kuma masu mugun nufi suna fakewa da hakan su nemi hoton tsiraici da sunan sharaɗin shiga, daga baya su yi barazanar watsa shi. Jerin tsirran da ke yawo kuma akwai guba a ciki: beladona da mandirak suna iya kisa, man feniroyal yana lalata hanta ko da kaɗan aka sha. Haka duwatsun da ake cewa a jiƙa a ruwa a sha: sinaba ma'adinin zaiba (makuri) ne, galena na dalma ne, malakait kuma tagulla ce a cikinsa.