Zaman Arewacin Jidda Bayan Tashin Tsofaffin Unguwanni

Tun daga ƙarshen shekarar 2021, lokacin da hukumomin Jidda suka fara rushe tsofaffin unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba, irin su Karantina da Gulail da Sabil da Betromin, Hausawan da suka shafe shekara da shekaru suna zaune ƙofa da ƙofa suka warwatsu. Wasu sun koma Bahra a kan hanyar Makka, wasu sun tattara nasu ya nasu sun koma Nijeriya da Nijar, mu kuwa Allah ya sa muka sami haya a arewa maso gabashin birnin, wajen Hamdaniyya, inda tituna suke a miƙe, kowane gida yake da lambarsa, kuma motar kwasar shara take zuwa a kan lokacinta.

Abin da baƙo zai fara lura da shi a nan shi ne shiru. Da rana ba za ka ga kowa a waje ba sai mai gadin bene yana wanke motoci ko ɗan aiken kanti a kan babur, domin zafin Jidda da gumin da ke tattare da shi ba sa barin mutum ya tsaya a titi ba dalili. Babu mai talla, babu majalisar ƙofar gida, abin da kunne yake ji kawai shi ne gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da ƙarar jiragen da ke tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz.

Sai bayan sallar isha'i unguwar take farkawa, kuma a lambun shaƙatawa take farkawa. Iyalai kan fito da darduma su shimfiɗa a kan ciyawa, a ajiye filas ɗin gahawa da na shayi da kwanon dabino, yara su ruga wajen lilo, samari kuma su yi dandazo a bakin filin ƙwallo suna jiran a fitar da waɗanda aka ci. A gefen lambun akwai hanyar da aka keɓe wa masu tattaki, inda mata sanye da abaya suke zagayawa biyu-biyu suna hira, tsofaffi kuma suna bi a hankali saboda likita ya ce su rage sukari. Akwai wani mai sayar da balila, wato wani irin dafaffen wake na Larabawa, da yake kafa teburinsa kusa da ƙofa. Yakan ɗebo dafaffen waken da zafinsa ya zuba a ƙaramin kofi, ya ɗora yankakken kokwamba mai tsami, ya barbaɗa garin kayan ƙamshin da ake kira kamun da kuma barkono, sannan ya tambayi yaro ko a ƙara masa ruwan tsami. A daren Juma'a da na Asabar, har ƙarfe ɗaya na dare wurin yana cike maƙil, kuma ban taɓa ganin an ɗaga wa wani murya ba. A ganina, wannan lambun ya fi komai daraja a unguwar, domin yaranmu sun sami inda za su yi gudu ba tare da fargabar mota ko kwata ba.

Taruka ma ba a rasa su, sai dai kowanne da sanarwarsa ake yi. A watan azumi akan yi buɗa-baki na bai-ɗaya a harabar masallaci, ranar salla kuma cibiyar unguwa takan shirya gaisuwar salla, a jera kujeru, a raba wa yara alewa da kyaututtuka. Ranar 23 ga Satumba, wato Ranar Ƙasa, lambun kan koma kore shar saboda tutoci, haka nan tun daga 2022 ana bikin Ranar Kafuwar Daula a 22 ga Fabrairu, inda yara suke fitowa da tufafin gargajiya. Duk waɗannan a zauren WhatsApp na mazauna unguwa ake shelanta su, wanda ba ya cikin zauren kuwa sai dai ya ji labari bayan an watse.

Nan ne tsofaffinmu suke shan wuya. Mahaifiyata, wadda ta saba a Karantina kafin ta idar da sallar asuba an turo mata labarin wadda ta sauka da wanda ya cika, ta taɓa tambayata: “Wai ni, a unguwar nan ba a haihuwa ne, ba a mutuwa?” Na ce mata, “Ana yi mana, Hajiya, sai dai a waya ake faɗa.” Ba ta gamsu ba, kuma tana da hujja, domin maƙwabcin da ke hawa na biyu ya yi rashi, ba mu sani ba sai da muka ga takalma sun taru a ƙofarsa.

Sha'aninmu na Hausawa kuwa yanzu sai an yi karo-karo an kama istiraha, wato gidan hutu mai fili da ake bayarwa haya na dare guda. Can ake suna da walimar aure, a tuƙa tuwo da miyar kuka, mai tsire ya hura wutarsa a gefe, mutanen da a da katanga ce kawai take raba su su shafe sa'a guda a mota kafin su ga juna. Izinin tuƙi da aka ba mata a watan Yunin 2018 ya taimaka ƙwarai, domin ƙanwata ce take kwasar mata zuwa irin waɗannan wurare idan maza suna wajen aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin yara. Abokan wasansu a lambu 'yan Yaman ne da 'yan Sudan da 'yan Masar da 'yan ƙasa, saboda haka Larabci ya mamaye harshensu, ka yi musu magana da Hausa su mayar maka da Larabci. Mun sa doka cewa a kan tabarmar cin abinci ba a yin wani yare sai Hausa, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ɗauki Hajiya da jikokinta mu tafi Bahra wajen tsofaffin maƙwabtanta, ita ta sha hirarta, su kuma dole su gaida mutane da Hausa tun daga bakin ƙofa.